Kukan Keziya a Allon Abuja

Litinin, 6 ga Oktoba, 6:20 na safe

"Ma, na rantse da Allah, ba idon da zai ga fim ɗin nan kafin naki da na Anti Keziya. Duk abin da kuka ce a cire, zan cire."

Maganarka ce, Ikechi. A falona ka faɗe ta, Agustan bara, kana zaune a kujerar mijina Gershon kana cin gyaɗata. A ranar na rubuta ta, domin shekara ashirin da bakwai na yi ina koyar da adabi, na san yadda rantsuwar tsohon ɗalibi take komawa idan ta kwana biyu.

Jiya bayan sujada wata ta miƙo mini waya tana murmushi. "Madam Afiniki, ga yaronki ya zama babban mutum." Sanarwa ce ta wani bikin fina-finan masu zane da bidiyo da za a yi a Abuja. Ga sunansa, ga rana: Asabar, 25 ga wannan wata, ƙarfe huɗu na yamma. Nuni na farko a duniya, in ji su. Can ƙasa da ƙananan baƙaƙe an ce bayan nunin za a sa fim ɗin a intanet mako guda, kyauta, kowa ya kalla.

Na ce mata na gode. Na dawo gida na zauna da takalmi a ƙafa har ƙarfe uku.

Ni na haɗa shi da Keziya. Bari in rubuta wannan kafin in fara zagi. Matar ƙanena Azariya ce. A lokacin wata huɗu ke nan da harin da aka kai ƙauyenmu cikin Afrilu, wata huɗu da zamanta gwauruwa, kuma ba ta son magana da kowa. Ni na ce mata yaron na hannuna ne, ɗan Chinelo na kwatas ɗin relwe, tun yana aji ɗaya yake zana ni a bayan littafinsa da hanci kamar bututu. Na ce ba hoto zai ɗauka ba, zane zai yi da gawayi, ba fuska, ba suna, ko maganarta ma wata ce za ta maimaita. Ta ce, "In mijina ya ce, to." Haka take kirana, tunda ni yayar mijinta ce. Ta zo nan Kafanchan ta zauna gaban rikodarsa awa ɗaya.

Litinin, 2:00 na rana

Kira tara. Bai ɗauka ba.

Talata, 7 ga Oktoba, 10:15 na safe

Sun sa tallan fim ɗin a shafinsu. Sakan arba'in.

Ba zan yi ƙarya a littafina ba: yana da kyau. Mace ce ba fuska, tana sheƙar acca. Yana zana ta, ya goge, ya sake zanawa a kan takarda ɗaya, sai inuwar kowane motsi ta tsaya a bayanta kamar hayaƙi. Muryar da ke ba da labari ta wata yarinya ce ’yar makaranta, Hausa tsaf. Har na fara sakin numfashi.

A sakan na ashirin da takwas murya ta canza.

Keziya ce. Ba wadda ta maimaita mata. Kukan da ta ɓarke da shi a falona ne ana tsakiyar hira, da yarenmu, rikoda tana kunne.

Ikechi bai jin yarenmu. Hausa yake ji, da Turanci, da na iyayensa. A kunnensa waƙa ce mai daɗi. A wurinmu kukan gwauruwa yana da tsari kamar shaidar kotu. Da farko ta kira gidan mijin, ubansa, kakansa, rafin da ke bayan gidan. Sannan ta faɗi yadda ya mutu. Sannan, in da hannun wani, ta kira wanin, ta yi ta kiransa a ƙarshen kowane baiti har ta gama.

Tallan ya tsaya a kan kakansa. Fim ɗin minti goma sha huɗu ne.

Gershon lafiya lau. Ya ci abinci, ya tafi gonar citta.

Laraba, 8 ga Oktoba, 5:30 na yamma

Ya kira da kansa. Ina rubutawa tun da zafinsa.

"Ma, plis, kar ki yi fushi. Dedlayin ne ya kama ni. Na so in zo Kafanchan, Allah ya sani."

Na ce Allah ya san abubuwa da yawa, har da kuɗin mota daga Abuja. Na ce ya cire kukan.

"Waƙan? Haba Ma. Waƙan nan shi ne zuciyan fim ɗin. Daga minti sha ɗaya har ƙarshe a kan shi na zana. Zane dubu biyu da ɗari, da hannu, wata biyar. Yatsuna har yanzu baƙi ne."

Na ce akwai sunaye a ciki.

"To ai shi ya sa! Sunan waɗanda suka mutu, bari duniya ya ji."

Na ce akwai sunan wanda bai mutu ba.

Na ji ƙarar motoci a bayansa. Sai ya ce, "Ma, a Abuja wa zai ji wannan yaren?"

Na yi dariya har na ji tsoron kaina. Na ce ya fita ƙofar zauren da za a yi nunin ya tambayi maigadi daga ina yake. Ya tambayi mai shara, ya tambayi nas ɗin da ta yi masa allura, ya tambayi rabin Mararaba. Mun cika Abuja kamar ƙudan damina, ba a dai ganinmu ne. Kuma intanet ba ta tsaya a Abuja ba, tana aljihun kowane ɗan acaba daga nan har Godogodo.

Ya ce an riga an kulle fayil, yana hannun masu bikin. Ya ce zai iya ƙara masa amo don kalmomin su ɗan ɓace. Na ce ya turo mini fim ɗin in gani. Ya ce dokar bikin ta hana.

Dokar bikin. Yaron da na koya wa riƙe alƙalami.

Asabar, 11 ga Oktoba, 7:10 na yamma

Majigin Asabar yau. Shekara goma sha shida ina yin sa a ajin da ake koyon ɗinki, da farin zanin gado da injin da ke zafi bayan minti hamsin. Gajerun fina-finai nake nuna musu, irin waɗanda ba a sayarwa a kasuwa, mu yi ta musu a kai har ruwa ya ɗauke. A nan Ikechi ya fara ganin cewa zane yana iya tafiya. Na kan yi alfahari da wannan.

Mutum talatin da biyu suka zo, fiye da kullum. Ba don fim ɗin da na zaɓa ba. Suna so in kunna musu tallan a babban allo. Na ce waya ba caji.

Da muna naɗe zanin, wata dattijuwa da ke sayar da manja, ’yar yankinmu, ta matso kusa da ni. "Madam, wannan da ke kuka a abin yaron, ba matan Azariya ba ne? Na ji ya kira gidan baban ku."

Na ce kunnenta ya tsufa.

Ta dube ni. "Kunnena ya binne mutum da yawa, Madam."

Lahadi, 12 ga Oktoba, 1:00 na rana

Ban ji ko kalma ɗaya daga wa'azin ba. Ina ta ƙirga wayoyin da ke hannun mutane.

Litinin, 13 ga Oktoba, 6:45 na yamma

Na je ƙauye. Mota zuwa Godogodo, acaba daga nan. Ban ga wata sabuwar ɓarna ba. Gidajen da aka sake wa rufi suna ƙyalli, waɗanda ba a sake wa ba kabewa ta haye su.

Na sami Keziya a gonar acca, lauje a hannu, ta rame amma tana tsaye.

"Mijina! Ka zo ba sanarwa, ko ka ji an ce na yi saurayi?"

Na ce da ta yi da na huta. Muka zauna a gindin ɗorawa na faɗa mata komai. Na kunna mata tallan da ƙaramar murya. Ta saurara kanta a sunkuye. Da aka zo wurin ta sa hannu ta rufe wayar, kamar mai rufe bakin yaro.

"Har ƙarshe ya sa?"

Na ce ina jin har ƙarshe.

"Na yi wa Azariya ne. Ban yi wa Abuja ba."

Ranar jana'iza ba ta yi kukan ba. Mutum goma sha ɗaya aka binne tare, sojoji a tsaye, fasto yana roƙon kowa ya riƙe bakinsa. Ta riƙe wata huɗu. A falona ya kuɓuce mata, inda ta ɗauka ba kowa sai ni da yaron da ba ya jin yare.

Na ce ta haɗa kaya ta bi ni Kafanchan. Ta nuna gonar da laujen. "Wa zai yanka? In na bari kwana biyar zai zube ƙasa. Yara za su ci fim ne?"

Mutumin da ta kira a kukan yana nan. Na cikinmu ne, a cocinmu aka yi masa baftisma. Daga inda muke zaune ana hango masararsa. Keziya kaɗai ta gan shi a safiyar harin, daga cikin ramin da ta ɓuya, yana gaba maharan suna biye ta hanyar bayan rafi. Bai san ta gan shi ba. Wata goma sha takwas yana gaishe ta tana amsawa.

Ba zan rubuta sunansa ba.

Idan ya ji, na san abin da zai yi, ko waɗanda ya yi wa aiki. Idan samarinmu suka riga shi ji, za su je gidansa, daga nan kuma kowa ya san wadda za a nema. Ta kowace hanya aka bi, ƙofarta ake isa, ƙofar da ko sakata mai kyau ba ta da ita.

Na dawo na tarar Gershon yana gyara rediyo. Lafiya lau.

Laraba, 15 ga Oktoba, 11:00 na safe

Na tura wa Ikechi saƙo mai tsawo jiya. Na kira shi ɓarawon makoki. Na ce ya ɗauki hawayen gwauruwa ya yi tsani da su. Jimloli ne masu kyau, na ji daɗinsu.

Da safen nan ya amsa. Hoto ɗaya ya turo, shafi na tara na fassarar da na yi masa bara. Rubutun hannuna ne, da jan biro ɗina na makin jarrabawa. Kowace maganar Keziya na fassara masa ita layi-layi. A minti na arba'in da ɗaya zuwa arba'in da huɗu, ga abin da na rubuta:

Tana kuka.

A ƙasan hoton ya ce, "Ma, na tambaye ki sau biyu ko akwai magana a ciki. Kin ce babu."

Alhamis, 16 ga Oktoba, 8:00 na safe

Na ce babu.

Juma'a, 17 ga Oktoba, 4:20 na yamma

To, bari in rubuta, tunda ba mai karantawa.

A wurinmu mace mai miji da rai ba ta maimaita kukan wata gwauruwa. Ba ta rera shi, ba ta faɗin kalmominsa, ba ta ba da labarinsa. Wadda ta yi, ta ari abin da ba a mayarwa, ta kira wa nata mijin mutuwa. Kakata ta taɓa marin yayata don ta kwaikwayi baiti ɗaya muna wasa a bakin turmi. Ina da shekara bakwai. Har yau ina jin ƙarar marin.

Ni kuwa ina da digiri biyu. Littattafai sun cika mini bango uku. Na tsaya gaban aji na yi wa irin waɗannan abubuwa dariya, na rubuta maƙala a kansu da Turanci mai ƙafafu. Ni dattijuwa ce a zumuntar mata. Da na zauna da rikodar yaron a teburin nan, na kai minti na arba'in da ɗaya, sai na ji Gershon yana tari a ɗaki. Tari kawai, na mura. Hannuna ya rubuta kalma biyu ya wuce.

Na ce wa kaina ai zai yanke wurin, wa zai sa kuka a fim? Na ce ai zan gani kafin kowa, ya yi alkawari. Na jingina ran Keziya a jikin alkawarin yaro ɗan shekara ashirin da tara don kada in furta layi goma sha biyu.

Har yanzu ina fushi da shi. Kada a ɗauka na daina. Da ya cika maganarsa da mun kama abin a falona, mu uku.

Lahadi, 19 ga Oktoba, 3:40 na yamma

Keziya ta kira. Ita ba ta kira, filashin take yi.

Bayan an tashi sujada ya tare ta a ƙofar coci, gaban mutane, yana dariya. Ya ce, "Matar Azariya, an ce kin zama ’yar fim. Yarona ya nuna mini. Ashe kina da murya haka? Ranar Asabar zan sa a saya mini data in ji sauran."

Na ce me ta ce masa.

"Na ce sannu, ina gajiya."

Da ta je gona jiya ta tarar an yanke mata kunya biyu na acca an ɗaure an jingina mata a gindin ɗorawa, da kyau, kamar taimako. Ba ta san wanda ya yi ba. Ta ce, "Mijina, ban taɓa damin ba. Yana can."

Saura mata kwana huɗu ta gama yanka. Ta yarda ta zo ranar Alhamis da yaran. Amma ta tambaye ni abin da ba ni da amsarsa: daga Alhamis ɗin sai yaushe? Gona ba ta shiga mota.

Litinin, 20 ga Oktoba, 12:30 na rana

Na rubuta wa shugabar bikin, wata Irene, tun ranar Juma'a. Yau ta amsa. Mace ce mai ladabi, irin ladabin da ke sa mutum ya so fasa faranti. Sun ɗauki tsaron waɗanda ke cikin fina-finai da muhimmanci ƙwarai. Amma akwai takardar amincewa da hannun Keziya, kuma fassarar da aka ba su ta nuna babu kalmomi a wurin. Sun sha ganin ’yan uwa suna neman a danne fim don kunya ko siyasa. In ina da wata fassara dabam, in turo a rubuce, layi-layi, kwamiti zai duba.

A rubuce. Sunan mutum mai rai, da sunan uwarsa, da inda gonarsa take, sau goma sha biyu, a imel ɗin da mutum shida za su buɗe a waya. Ko fim ɗin bai fita ba, takardar za ta iso Godogodo kafin ni.

Ba ta yi laifi ba. Ta gaskata takardata ne.

Talata, 21 ga Oktoba, 7:30 na safe

Gershon ya ajiye kofin shayi ya ce, "Mama, kwana goma sha biyar kina bina da ido kamar akuyar da za a sayar. Na yi wani abu ne?"

Na faɗa masa. Duka, har da shafi na tara.

Bai yi dariya ba, kuma na fi son da ya yi. Shi ma ɗan can ne, shi ma kakarsa ta yi mari. Ya daɗe yana juya cokali.

"Layi nawa ne?"

Na ce goma sha biyu.

"Kina tuna su?"

Na ce ko ɗaya bai bar kaina ba.

Ya ce, "Shekarata sittin da uku. Likita ya ce gishiri zai kashe ni, fasto ya ce fushi, ke kin ce acaba. Ki ƙara naki a layi, su yi ta rigima a kaina." Sai ya daina wasa. "Azariya ne ya riƙe mini kwat ranar aurenmu. Ki je ki faɗa."

Ya tashi zai tafi gona, ya dawo neman hular da ya riga ya sa a kai.

Talata, 2:15 na rana

Ban yarda da camfin nan ba. Na rubuta sau uku a bayan ambulan, ban yarda ba. Cikina bai iya karatu ba.

Laraba, 22 ga Oktoba, 9:00 na safe

Na tura wa Ikechi wannan, na kwafa a nan don kada gobe in sassauta:

"Laifina na kaina, na ɗauka. Naka yana nan. Kana da zuwa gobe Alhamis, ƙarfe goma sha biyu na rana, ka rubuta wa Irene da hannunka cewa ka janye minti uku na ƙarshe, ka sauke tallan, ka turo mini shaida. Fim ɗinka ne, kalmarka ɗaya ta isa, ba sai kwamiti ya zauna ba. Zanenka dubu biyu ba za su mutu ba in suka tafi shiru."

Ya karanta. Alamar ta nuna. Bai amsa ba.

Gobe da rana Keziya za ta iso, zan sa ta a ɗakin baya ita da yaran. Idan sha biyu ta buga ban ga komai ba, ba zan ƙara kira ba. Juma'a zan shiga motar farko ta Abuja. Zan nemi ofishin bikin in zauna a ƙofa har Irene ta fito. Zan sa a kira shi. Zan ce kowa ya kashe waya ya ɗora a tebur, a rufe ƙofa.

Sannan zan tsaya in faɗa musu kukan Keziya da bakina, da yarenmu tukuna, sannan da Turanci, tun daga gidan ubanmu har zuwa mutumin, sau goma sha biyu yadda ta kira shi. Zan faɗa musu taku nawa ne daga masararsa zuwa ƙofarta. Ba zan bar ɗakin ba sai na ga an yanke wurin a gabana. In sun ƙi, ranar Asabar ƙarfe huɗu za su same ni tsaye tsakanin injin da allo, kuma ni ba ƙaramar mace ba ce.